Ƙwallo ta ƙwace min maigida, ni da yara uku sai dai mu ga ƙurarsa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekararmu 8 da aure, a Kano muke zaune, yaranmu uku, babban namiji ne ɗan shekara 6, mai bi masa mace 'yar shekara 3, sai na goye wata 7. Maigidana shekararsa 36, ma'aikaci ne, ba ya shaye-shaye ba ya neman mata, cefane bai taɓa gagararsa ba, amma Anti ƙwallo ta ƙwace min shi. Yana dawowa daga aiki zai yi la'asar ya zura jesi ya rataya takalmi, ƙarfe huɗu da rabi ya fice, ba zan sake ganinsa ba sai wajen tara na dare. Litinin zuwa Juma'a haka, Asabar da safe akwai tirenin, Lahadi wasa da wata unguwa, in kuma ana Firimiya ko gasar zakarun Turai sai gidan kallo. Ni kuma a lokacin ne nake girki, ga wankan yara, ga aikin makarantar babban, ga ƙaramin yana haƙori yana kuka, wani lokacin sai in zauna a kicin in yi ta kuka ni kaɗai. Gwiwarsa ta taɓa kumbura wata biyu da suka wuce, yana shan maganin ciwo yana komawa fili, in na yi magana ya ce ai Rabi'u Pele ya haura arba'in yana bugawa Pillars. Rannan haushi ya sa na ɓoye takalminsa, muka yi kaca-kaca a gaban yara, har na ce wa babban "babanka ya fi son ƙwallo a kanku". Na kai ƙara wajen Hajiyarsa ta ce in gode Allah, gara ƙwallo da yawon banza. Abin da ke ƙara ci min rai, ni ma fa 'yar gudu ce a sakandire, har lambar yabo na ciyo wa gidanmu a gasar makaranta, yanzu ko minti ashirin ba ni da shi na kaina, jikina duk ya yi nauyi. Shin in ce ya zaɓa, ko mu ko ƙwallo?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, sannu da hidima, Allah ya raya miki su ya sa ki ci moriyarsu. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma wajen da ya tsaya min a rai ba wajen takalmin ba ne, wajen kukan kicin ne. Duk macen da ta taɓa riƙe ludayi da hannu ɗaya, jariri a baya yana tsala ihu, wata tana jan zaninta tana son fitsari, wani yana miƙo littafi yana cewa Umma wannan lissafin fa, ta san abin da kike faɗa, ba sai an yi mata bayani ba. Ba raki kike yi ba, aikin mutum biyu kike yi ke kaɗai, kuma a lokacin da ya fi kowane lokaci wahala a gidan mai ƙananan yara.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa tunda ita ce mai zafi. A'a, kar ki ce ya zaɓa. In kika faɗi wannan maganar ɗayan biyu ne zai faru, ko ya yi banza da ke ya ci gaba da fita, kin ga kin zubar da maganarki a ƙasa, gobe in kika yi wata barazanar ba za ta yi nauyi ba, ko kuma ya bari don dole ya zauna miki a falo fuska a murtuke yana latsa waya, yaro ya taɓa shi ya daka masa tsawa. Namijin da aka raba da abin da yake so da ƙarfi ba ya zama mai taimako, zama yake yi mai ƙorafi, kuma duk saɓanin da za a yi nan da shekara biyar sai ya tuna miki ke kika hana shi ƙwallo. Ke kuma ba wannan kike nema ba. Hannu kike nema a gida tsakanin la'asar da isha'i, da kuma ɗan lokacin da za ki ce wannan nawa ne.

Yanzu zo mu yi lissafi, don a nan ne na ga bakin zaren. Kin ce yana fita huɗu da rabi ya dawo tara. Awa huɗu da rabi kenan, sau biyar a sati, awa 22 da rabi, ba a sa Asabar da Lahadi ba, ba a sa gidan kallo ba. To amma tsaya, filayen unguwa da na sani ba fitila gare su ba, ana kiran magariba ake tashi, ko alƙalin wasa bai busa ba duhu zai busa. Cikakken wasa ma na ƙwararru minti 90 ne. Kenan daga huɗu da rabi zuwa magariba, ki ce awa biyu har da tafiya da ɗaure takalmi, wannan ita ce ƙwallon. Daga magariba zuwa tara fa? Wannan ba ƙwallo ba ce ƙanwata, majalisa ce, teburin mai shayi ne, musun wanda ya zubar da fenariti ne da wanda ya fi wani tsakanin Messi da Ronaldo, musun da tun ina da ƙuruciya ake yinsa ba a gama ba. Rabin lokacin da kike jin haushin ƙwallo a kansa, hira ce ta cinye shi. Kuma wannan labari ne mai daɗi a gare ki, domin roƙon mutum ya rage hira ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan roƙonsa ya bar abin da yake ji a jininsa.

Bari in tsaya masa kaɗan, ko da ba za ki ji daɗi ba. Namiji ɗan shekara 36 da ke wuni a kujerar ofis, in ya samu abin da zai sa shi gudu ya yi gumi, alheri ne a gare shi da ku baki ɗaya. Dubi sa'anninsa nawa ne tumbi ya riga su shiga ɗaki, nawa ne suka fara zaryar asibiti da hawan jini da ciwon suga tun ba su kai hamsin ba. A fili yake sauke gajiyar aiki da tunanin kuɗin makaranta da na haya, a can ne ake kiran sunansa ana tafa masa, kuma kowa yana son wajen da ake yaba masa. Maganar Hajiya ma akwai gaskiya a ciki, gara ƙwallo da yawon banza, wannan ba musu. Inda maganar ta gaza shi ne, ba tsakanin ƙwallo da yawon banza ake zaɓi ba a gidanki, tsakanin ƙwallo kullum ne da ƙwallo wasu ranaku. Hajiya uwa ce, ɗanta take kallo, kuma ƙila a zamaninta gidan gandu aka yi, ga kishiyoyi ga faccaloli ga 'yan mata a tsakar gida, jariri ba ya minti biyar a hannu ɗaya. Ke kuwa ke kaɗai ce a gida mai get. Kar ki riƙe ta a zuciya, ba ta ga yammacinki da idonta ba ne.

Amma duk da haka yana da laifi, kuma ba ƙarami ba. Ya ɗauka tunda ya ajiye cefane ya gama nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi irin gudu da ƙwallo. A sati fa, ba a rana ba. Wato in don lafiya ne, fita uku a sati ta ishe shi har da ragowa. Shi ya ninka wannan ya sake ninkawa, ke kuma ko minti ɗaya ba ki samu ba, alhali shawarar nan ta haɗa har da mata masu jego, su ma an ce su samu aƙalla minti 150 ɗin in ba wata matsalar lafiya. Hutunsa yana da rana da lokaci, kowa ya sani, har abokai suna kira a waya in ya makara. Naki hutun kuwa sai in yara sun yi barci, shi ma wanke-wanke ne ke jiranki.

Kuma tunda gidan Musulmi ne, akwai labarin da nake so ki riƙe, ba don ki jefe shi da shi ba. Salmanul Farisi ya kai wa Abud Darda'i ziyara, ya tarar da matarsa Ummud Darda'i ba ta kula da kanta ba, ya tambaye ta, ta ce ɗan'uwanka ba shi da buƙatar duniya. Mutumin azumin nafila yake da rana, tsayuwa da dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi suka yi salla tare, sannan ya gaya masa cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da labarin ya je wa Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Yana cikin Bukhari. To in nafila aka ce a rage saboda iyali, ina ga tirenin ranar Talata.

Sai naki ɓangaren, kin san ba zan tsallake ba. Ɓoye takalmin nan kuskure ne, na san haushi ne, ni ma na taɓa zuba wa wani wayar caji a cikin buhun shinkafa saboda irin wannan haushin, ba abin da ya gyara sai ma dariya da aka mayar da ni. Kin ba shi damar ya mayar da zancen kan takalmi maimakon kan gajiyarki. Amma wanda ya fi damuna shi ne abin da kika gaya wa yaron. Ɗan shekara 6 ba ya gane cewa Umma haushi take ji, ɗauka yake gaskiya ce tsagwaronta, zai kwanta da ita ya tashi da ita. Ki samu lokaci ku biyu ki ce masa, rannan raina ne ya ɓaci na faɗi abin da ba haka ba ne, Abbanka yana sonka sosai. Ba zai rage miki girma ba. Shi ma maigidan ki ba shi haƙuri a kan takalmin da kuma faɗan gaban yara, gajeren ban haƙuri ba tare da "amma kai ma" a ƙarshensa ba, domin da wannan ne za ki buɗe ƙofar maganar da ke tafe.

Lokacin maganar yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Kar ki tare shi a bakin ƙofa yana riƙe da takalmi abokai suna masa hon a waje, a lokacin kunnensa yana fili. Kar kuma ki tare shi yana shigowa, musamman ranar da aka lallasa su ko kulob ɗin da yake goyon baya ya sha kashi. Ki bari sai daren da ya ci ya ƙoshi yara sun yi barci, ki zauna kusa da shi. Ki fara da abin da yake tsoron ji, ki kawar masa da shi tun farko: Abban wane, ni ba so nake ka bar ƙwallo ba, ina son ganinka da ƙarfinka. Za ki ga kafaɗarsa ta sauka. Sannan ki ba shi labarin yammacinki ɗaya tak, daga huɗu da rabi zuwa tara, dalla-dalla, me kika ɗora, wa ya yi kuka, wa ya ɓata wando, ƙarfe nawa kika samu kika yi magariba. Maza da yawa wallahi ba mugunta ba ce, ba su taɓa ganin wannan lokacin ba ne, suna barin gida a share su dawo su tarar da shi a share, sai su ɗauka haka ya wuni. Ki gaya masa har kuka kike yi a kicin. Kar ki ce "kullum kai" ko "ba ka taɓa", da ya ji waɗannan zai fara laluben ranar da ya taɓa, shikenan an koma musu.

Daga nan sai ki kawo buƙata mai lamba, wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "Ka rinƙa taimaka min" ba buƙata ba ce, zai ce to, gobe ya ɗauki jariri minti uku ya ce ya taimaka. Ni da zan tsara muku, cewa zan yi ya riƙe rana uku na fili, shi zai zaɓa da kansa, wasan Lahadi ya shiga ciki tunda shi ne wanda ba zai so ya rasa ba. A ranakun fili, ana idar da magariba ya kamo hanyar gida, ya yi wanka ya karɓi yara kafin isha'i. Sauran ranakun yana gida da yamma, kuma ki ba shi aikin da yake nasa ne ɗungurungum, misali wankan manyan biyu da aikin makarantar babban da kwantar da su, ba sai kin tsaya a kansa ba. In ya sa wa yarinya riga a baibai ko ya shafa mata mai ya yi yawa, ki kau da kai, in kika fiye gyara masa zai ce ai ke kika iya ya ajiye miki. Majalisa kuma ba a hana shi ba, bayan isha'i in yara sun kwanta ya leƙa. Gidan kallo ya zaɓi manyan wasanni, ba kowace karawa ba. Ki sa rai zai yi ciniki, ya ce huɗu, kar ki tsaya kai da fata a kan uku, in kika samu dawowar magariba da rana biyu cikakku a gida, kin samu abu mai yawa. Ku ce za a gwada na wata ɗaya a gani, mutum ya fi saurin yarda da gwaji a kan doka.

Akwai hujjar da za ta taimake ki wadda ta shafi jikinsa shi kansa, wato gwiwar nan. Rabi'u Ali, wato Rabi'u Pele ɗin da yake kafa hujja da shi, gaskiya ne ya daɗe yana bugawa Kano Pillars har ya haura arba'in, amma shi sana'arsa ce, da ita yake ci da iyali, yana da koci da masu duba lafiyar 'yan wasa da ranakun hutu. Ƙwararru ma ba sa buga wasa mai zafi kullum, jiki a lokacin hutu yake gyara kansa, kuma a shekara 36 gyaran ya fi ɗaukar lokaci a kan na ɗan shekara 20. Gwiwar da ta kumbura, in har tana sake kumbura bayan wasa, ko tana ƙwacewa kamar za ta kayar da shi, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, to ana iya samun jijiya ko guringuntsin ciki ya taɓu, kuma wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ba na man zafi ba ne. Kuna Kano, ga asibitin ƙashi na Dala nan, ya je likita ya duba. Shan maganin kashe ciwo irin su diclofenac kullum don a samu a buga shi ma haɗari ne, yana ɓoye ciwon ne raunin yana ƙaruwa, kuma yawan shansa yana taɓa ciki da ƙoda. Ki faɗa masa a matsayin mai son ya kai hamsin yana bugawa, ba mai neman dalilin zaunar da shi ba. In yana da waya mai intanet ya nemo tsarin ɗumama jiki da ake kira FIFA 11+, kamar minti 20 ne kafin wasa, don rage raunuka aka tsara shi, har abokan wasansa za su amfana, don yawancin 'yan ƙwallon unguwa daga kan babur suke dira su faɗa fili.

Babban yaron kuma, me zai hana ya bi babansa? Yawancin Islamiyyu ba a zuwa Alhamis da Juma'a, in tasu haka take to ga rana nan. Ɗan shekara 6 yana buƙatar aƙalla awa ɗaya a rana yana guje-guje, ita 'yar shekara 3 ɗin ma har awa uku aka ce a rarrabe cikin wuni, kuma rabin rigimar da suke miki da yamma ƙarfin da ba su ƙonar ba ne a cikin gida mai get. Ya tafi da shi da gorar ruwa da 'yar ƙwallonsa, a zaunar da shi a inuwa nesa da bayan raga, kuma a samu babba takamaimai wanda zai sa masa ido lokacin da uban ke cikin fili, ba "ai kowa na nan" ba, don abin da kowa ke kallo ba wanda ke kallonsa. A kula da zafin watan Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu in yana da tari ko asma. Kar a bari manya su rinƙa jefo masa babbar ƙwallo ya sa kai don a yi dariya, a Amurka tun 2015 hukumar ƙwallonsu ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa kai. Ranar da suka tafi su biyu, ke kin rage ɗaya, shi kuma yaron zai dawo yana ba ki labarin yadda Abba ya ci ƙwallo, maganar da kika gaya masa za ta goge da kanta.

Yanzu ke. Wannan layin da kika rubuta cewa ke ma 'yar gudu ce, kamar a gefe kika sa shi, amma ina jin shi ne rabin ciwon. Kina kallonsa yana fita da abin da yake so bai rasa komai ba don ya zama uba, ke kuwa naki ya tsaya tun ranar da aka kai ki. Ki faɗa masa wannan ma, ƙila bai taɓa kawowa a ransa ba. Ki nemi naki lokacin a cikin tsarin nan, mai rana da awa kamar nasa, ko da minti 30 ne sau uku a sati, yana riƙe da yara. Kuma ba abin kunya ba ne, Nana A'isha ta ba da labari cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da ita ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Haihuwa kuma ba ta kashe ƙafa, Faith Kipyegon 'yar Kenya ta haihu a 2018 ta dawo ta ci zinare a tseren mita 1500 a gasar Olamfik ta Tokyo, ta sake ci a Faris a 2024. Ba na ce ki nufi can ba, kar ki yi dariya, nufina jikin da ya taɓa sanin gudu yana tunawa.

Ki fara a hankali dai. Tafiya mai sauri tukuna, a tsakar gida ko a layinku bayan asuba da hijabinki ke da wata maƙwabciya, in da hali kuma akwai wuraren motsa jiki da ke ware lokacin mata zalla. Ki shayar da ƙaramin kafin ki fara don ki ji sauƙin ƙirji, ki sha ruwa sosai, motsa jiki matsakaici ba ya ƙafar da nono. In tiyata aka yi miki, ko kina jin ciwon mara ko baya, ko fitsari yana ɗan zubo miki in kin yi tari ko tsalle, ki ga likita ko ungozomar asibiti kafin ki fara gudu ko tsallen igiya, za su koya miki atisayen matse ƙasan mara, yana taimakawa sosai. Sannan maganar kukan nan, in gajiya ce kawai za ki ga ya ragu da zarar kin fara samun hannu da barci. In kuwa ya wuce sati biyu kullum ranki a ɓace, ba kya jin daɗin komai, barci ya ƙi zuwa ko da yaron ya yi, ko wani mugun tunani yana zuwa miki, to ki gaya wa likita kai tsaye, akwai ciwon damuwa da ke kama mata bayan haihuwa, yana iya zuwa ko bayan watanni, kuma ana maganinsa. Ba rashin tawakkali ba ne.

To in kin yi duk wannan ya ce to, ya yi sati ɗaya ya koma ruwa fa? Zai iya faruwa, abokai za su yi ta masa tsiya wai madam ta kafa doka. Ki tuna masa sau ɗaya cikin raha, ranar da ya cika alƙawari kuma ki nuna kin gani, ki yaba a gaban yara, abincin da yake so ya samu. In ya ƙi sam, kar ki koma wajen Hajiya da ƙara, kin riga kin ji matsayarta, sai dai ki gayyato ta ta wuni a gidanku wata ranar aiki ta ga yammacin da idonta, ba sai kin ce komai ba. Wanda zai yi masa magana ya ji, yayansa ne namiji ko wani dattijo a cikin 'yan ƙwallon nasu, irin waɗanda suka aurar da 'ya'ya suna zuwa fili sau biyu a sati, a kowace tawaga akwai irinsu kuma maganarsu tana shiga fiye da ta kowa, don ba zai ce ba su san daɗin ƙwallo ba. Ki bi ta hannun matar yayan in kuna shiri.

Kafin nan kuma ki rage wa kanki nauyi ta inda za ki iya. Miyar dare ki haɗa ta da rana lokacin da babban ke makaranta ƙaramin yana barci, in ya so da yamma tuwo kawai za ki tuƙa ko ki dafa taliya, wankan yamma ki jawo shi zuwa lokacin da maigidan ya dawo daga aiki, kafin ya fice ya kama miki ɗaya. In ya dage lallai sai ya fita kullum, to ki ce masa a fili lokacin nan yana da kuɗi, ya ɗauko mai taya ki aiki ta awa uku da yamma, babbar mace ba yarinyar da ya kamata tana aji ba, ya biya daga inda yake fitar da kuɗin takalmi da jesi da karo-karon ƙungiya. Sau da yawa da an zo maganar biya sai ka ga mutum ya gano ashe zai iya dawowa da magariba.

Takalmin kuma, in har yanzu akwai sauran tsami a kansa, ki wanke shi ki goge ki ajiye masa a inda ya saba gani, daren ranar sai ki yi maganar. Ki rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda gwajin ya kasance, da abin da likita ya ce game da gwiwar, da kuma ko ke kin fara taki tafiyar.